Naman da Yaji Ya Rufe: Gidajen Gashin Kaduna da Bidiyoyin Ranar 'Yancin Kai

Daren 1 ga Oktoba na ɗauki kawuna na kai shi cin nama. Shi ya riƙe ni tun ina aji uku a firamare. Ya yi aikin masaƙa a Kakuri har ta rufe a kansa, yanzu kuma ga tsufa, turamen haƙoransa duk sun yi sallama. Na ce bari a yi wa tsoho gata, a kai shi irin gidajen gashin zamanin nan da suka yawaita a unguwannin masu hali na Kaduna, inda ake kawo maka yankan nama guda ɗaya a faranti, da wuƙa da cokali mai yatsu, ana ce masa sitek. Ba zan faɗi sunan gidan ba, ba zan faɗi layin ba. Abin da ya same mu can ba halinsu ba ne su kaɗai.

Wuri ya yi kyau, ba ƙarya. Ga sanyin esi, ga fitilu masu launin zuma, ma'aikata cikin farar riga da baƙin wando, kowa da 'yar tuta kore-fari-kore a ƙirji. Wani saurayi ya rusuna ya ce, “Sannunku da zuwa, Yallaɓai.” Ya rubuta abin da muke so, ya juya. Tafiyar da ya yi kenan. Minti hamsin muna zaune, ba ruwa, ba bayani. Abin da ya ɗebe mana kewa wata ƙatuwar talabijin ce a bango, tana ta maimaita wani bidiyon murnar 'yancin kai: tuta na kaɗawa, kiɗa mai tayar da tsikar jiki, tsofaffin hotuna baƙi da fari. Can sai ga Sarauniyar Ingila a rumfa, dawaki na sukuwa a gabanta, an rubuta a ƙasa: Legas, 1960.

Kawu ya ajiye carbinsa. Ya ce, “Kai, wannan ai ba ranar ba ce. Zuwanta Kaduna ne wannan. Ina ɗan shekara takwas, a wuyan yayana na kalli dawakin nan.”

Da naman ya iso, ya sa wuƙa, wuƙa ta ƙi. Ya sa haƙori, haƙori ya ƙi. Ya dube ni ya ce, “Wannan saniyar da ƙafarta ta zo daga Nijar, kuma ba ta huta ba.” Muka biya, da haraji da wani abu wai kuɗin hidima, muka fito. Daren nan a Tudun Wada muka ƙare, a kan bencin wani mai balangu.

Tun ranar nake juya abubuwan nan biyu a raina, naman da bidiyon, don na lura ciwonsu iri ɗaya ne. Bari in fara da naman, shi ne ya fi sauƙin ganewa.

Sitek girkin ƙasashen da ake kiwon sa don yanka ne kawai. A Amurka, alal misali, ana tsare ɗan maraƙi a turke a ɗura masa masara, a yanka shi bai kai shekara biyu ba ko ya ɗan wuce kaɗan. Kitse yana ratsa cikin tsokarsa kamar zaren saƙa, kuma da yawan wannan kitsen ake ba nama daraja a can. Bayan an yanka ba a taɓa shi ranar. Duk dabbar da aka yanka, cikin sa'o'i kaɗan tsokarta takan sandare. Sai an rataye ta a ɗakin sanyi, wanda sanyinsa bai wuce digiri 4 ba, na mako biyu zuwa huɗu, sannan sinadaran da ke cikin naman su narkar da taurin da kansu. Bayan wannan ne ake yanka mai kaurin yatsa biyu a ɗora a wuta mai ƙarfi, minti goma ko ƙasa da haka, a bar shi ya ɗan huce, a kai teburi.

To dubi namu. Shanun da ke shigowa Zangon Tudun Wada, Bunaji ne da Rahaji da Bokolo, dabbobin da suka yi shekaru suna tafiya da ƙafa suna neman ciyawa da ruwa. Bafulatani kuwa ba ya sayar da saniya tana kan ganiyarta, sai ta tsufa ko buƙata ta taso. Namansu ya fi ɗanɗano, wannan ko Bature ya ci zai yarda, amma tsoka ce tsantsa mai jijiya, kitsen ya taru a tozo da ciki. Kuma a mayanka da asuba ake yanka, kafin azahar nama yana kan tebur a kasuwa, daidai lokacin da tsokar ke sandarewa. Ɗakin sanyi na mako uku yana son wutar da ba ta ƙiftawa, mu kuma mun san irin wutar da muke da ita.

Mahautanmu sun san wannan tun kaka da kakanni, ko da ba su san sunan sinadarin ba. Shi ya sa duk sana'arsu dabarar karya tauri ce. Mai tsire yana fere nama siriri, yana gitta zaren tsoka, ya soke a tsinke, ya shafe da mai da garin ƙuli-ƙuli, ya jera a gefen tukuba inda zafi ke isa a hankali. Mai kilishi yana shimfiɗa shi kamar takarda, ya shanya, ya tsoma a labu, ya sake shanyawa, sannan ya nuna masa wuta. Mai balangu yana haɗa tsoka da kitse, ya bar su su daɗe a kan waya suna shan romon juna. Dambun nama kuwa sai an dafa an daka. Babu ɗaya a cikinsu da yake ɗaukar curin cinyar tsohuwar saniya ya ɗora a wuta minti goma ya ce a ci. Wannan shi ne abin da wasu gidajen zamani ke yi. Sun kwaso faranti da wuƙa da sunan Turanci, sun bar turke da ɗakin sanyi a can.

Akwai wurin da ko a jikin saniyarmu yake da laushi: tsokar da ke kwance a ƙarƙashin ƙashin baya wajen ƙugu, da ta gadon baya, don su ne ba sa aikin tafiya. Amma ta farkon 'yar kaɗan ce, kowace saniya ba ta ba da fiye da abin da mutane ƙalilan za su ci. Gidan da ke sayar da faranti ɗari a dare, daga ina zai samo? Sai ya yanko daga cinya ya sa mata suna. Wasu kuma za ka ga sun rubuta a takardar abincinsu wai naman daga ƙasar waje aka kawo. Wanda ya ga haka yana da damar tambaya, domin naman shanu yana cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya. Ko dai ta bayan gida ya shigo, ko kuma ɗan Zango ne aka sa masa hular Bature. Jiran minti hamsin ma yana da fassara. Naman da minti goma ke gasawa, in ya kai awa bai zo ba, galibi daga firiza aka ciro shi yana ƙanƙara, ana can ana fama da shi a ruwan zafi.

Sai tambayar nan da ake yi wa baƙo, wai yaya kake so a gasa, da sauran ja a ciki, ko tsaka-tsaki, ko ya gasu sarai. Yawancinmu mukan ce ya gasu sarai, don muna ƙyamar jini, kuma addini ya hana. Gaskiyar magana, jan ruwan da ke fita daga naman da aka yanka ta hanyar Musulunci ba jini ba ne. Jini ya tsiyaye tun a mayanka. Ruwan tsoka ne haɗe da wani sinadari mai launin ja da ke riƙe iska a cikinta. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai yi maka wannan bayanin, ya kuma faɗa maka cewa in an gasa sitek har ya haura digiri 70 a ciki zai bushe ya ƙara tauri. Namu saurayin bai ce komai ba. Ya ga tsoho mai furfura a gabansa, ya ga bakinsa, ya rubuta ya wuce.

A nan ne bambancin hidima yake, ba a rusunawa ba. Da muka isa wurin mai balangun nan, kafin mu zauna ya dubi Kawu ya ce, “Baba, sannu da dare. Wanda zai yi muku yana nan, bari in ciro ta wajen haƙarƙari.” Ya yanko ɗan ƙarami a bakin wuƙa ya miƙa. Ɗanɗano kenan. Kawu ya tauna, ya gyaɗa kai, sannan aka yi ciniki. Naman yana gabanka, wutar tana gabanka, mai gashin shi ne mai yankan, shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne kuma wanda za ka yi wa ƙorafi. In ka ce wannan jijiya ce, zai ture ta gefe ya sauya. In an gama ya ɗora gyara. Tsakaninka da naman babu bango. A gidan zamani kuwa akwai mutum huɗu ko biyar tsakaninka da wuta, kuma wanda kake gani a cikinsu shi ne wanda bai san komai game da naman ba, bai kuma da ikon sauya maka shi. Shi ma abin tausayi ne, albashinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ba lalle kuɗin hidimar da aka caje ka ya isa aljihunsa ba.

Kada a ce na zama ɗan kamashon masu tukuba. Suna da nasu. Ƙurar titi tana sauka a kan nama, hannun da ya karɓi kuɗi shi ke yanka albasa, tawadar jarida tana narkewa a cikin mai, kuma ba kowane magidanci ne zai kai matarsa da 'ya'yansa mata su zauna a benci a bakin Ahmadu Bello Way da ƙarfe goma na dare ba. Gidajen zamani sun kawo wurin zama na mutunci, da wurin wanke hannu, da firji, da rasit. Kuma a cikinsu akwai na ƙwarai. Akwai wani da nake zuwa, bai kai wancan ƙawa ba, kujerunsa ma na roba ne, amma ranar da na nemi tsokar baya yarinyar da ke karɓar oda ta ce, “Yallaɓai, ta ƙare tun magariba. Wadda ta rage za ta ba ka wahala, gara ka ci gasasshen rago.” Ta rage wa gidan ciniki a daren, ta kuma sa na zama ɗan gida. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Duk yaron da ya tashi a Kaduna ya san wata ƙa'ida guda: in ka ga mai tsire ya yi saurin bulbula yaji tun ba ka ɗanɗana ba, to naman kwana ne. Yaji abin kirki ne, citta da barkono da kanumfari da masoro da ƙuli-ƙuli, amma shi ne kuma mayafin da ake rufe ɓarna da shi. Da ma kalangu kiɗan mahauta ne, da shi ake kiran kasuwa ranar da aka yi yanka mai kyau. Sai dai ba a taɓa jin wanda ya ci kalangu ya ƙoshi ba.

Bidiyon da muka kalla, da ire-irensa da ke cika WhatsApp da Facebook da TikTok duk ƙarshen Satumba, yaji ne da kalangu. Tuta, kiɗa, murya mai kauri, yara suna murmushi. In ka kakkaɓe yajin, ga abin da ke ƙasa.

Kawu ya yi gaskiya. Sarauniya Elizabeth ta zo Najeriya a farkon 1956, aka yi mata gagarumin hawan daba a nan Kaduna. Ranar 1 ga Oktoba 1960 ba ta ƙasar. Wadda ta wakilce ta ita ce Gimbiya Alexandra, 'yar ƙanin mahaifinta, tana da shekara 23, kuma a filin sukuwa na Legas aka yi bikin, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. Sarauniyar ba ta sake taka ƙasar nan ba sai 2003, da ta zo taron ƙasashe renon Ingila a Abuja. Wato an ɗauki ranar da sarakunan Arewa suka yi wa mai mulkin mallaka jahi, an laƙaba mata sunan ranar da aka sallame ta. Kuma an ɗauke wa Kaduna abinta an kai Legas.

Daga nan sai muƙamai. An nuno Azikiwe an rubuta shugaban ƙasa na farko, 1960. A ranar 'yanci Gwamna-Janar Bature ne, Sir James Robertson. Azikiwe ya karɓe shi a Nuwamba na wannan shekarar, bai kuma zama shugaban ƙasa ba sai 1 ga Oktoba 1963 da aka zama jamhuriya. Shekara uku cur bayan 'yanci Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasar a kan takarda, mulki kuma yana hannun Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ke kan kujerar tun 1957. Sardauna kuma an kira shi gwamnan Arewa. Sir Ahmadu Bello bai taɓa zama gwamna ba, Firimiya ne tun 1954. Gwamna a 1960 Sir Gawain Bell ne, sai Sir Kashim Ibrahim ya gaje shi a 1962, wanda sunansa ke kan gidan gwamnatin Kaduna har yau. Mutum ya wuce ta ƙofar gidan nan kullum, amma ya kasa tambayar wane ne mai sunan. Akwai kuma wani hoton haɗe-haɗe da aka jera iyayen ƙasa suna kallon tuta tana hawa, har da Herbert Macaulay, wanda ya rasu tun 1946.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne taswira. An nuno Najeriyar 1960 da jihohi 36 da ɗigon Abuja a tsakiya. A lokacin yankuna uku ne, Arewa da Gabas da Yamma. Na huɗu ya zo a 1963, jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, har aka kai 36 a 1996. Mu nan Jihar Arewa ta Tsakiya aka fara kiranmu, sai 1976 aka ce Kaduna, Katsina kuma tana tare da mu har 1987. Abuja kuwa sai Disamba 1991 gwamnati ta tare. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ko shatar iyakar ƙasar ba haka take ba. Ranar da aka ɗaga tuta a Legas, Mubi da Ganye da Gembu da Gwoza ba sa cikin Najeriya. Yankin amana ne na Majalisar Ɗinkin Duniya a hannun Ingila, ana ce masa Arewacin Kamaru. Sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairu 1961 suka zaɓi Najeriya, suka shigo ranar 1 ga Yuni, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna saboda faɗi-tashin da ya yi a kai. Mutanen da suka shigo ƙasar nan da ƙuri'arsu, da zaɓin kansu, wane labarin kishin ƙasa ne ya fi wannan daɗi? Amma mai bidiyo ya shafe shi da taswira guda da ya kwafo a intanet.

Sauran kurakuran sai dai a ambata a wuce. Taken ƙasar da aka ɗora a kan taron 1960 na 1978 ne, wanda muka taso muna rerawa a asambuli, alhali na ainihin ranar shi ne wanda aka dawo da shi a Mayu 2024. An nuno 'yan kasuwa na ƙirga naira, alhali fam da sule ake kashewa har Janairu 1973. An ce matar Gwamna Lugga ce ta raɗa wa ƙasar suna a 1914, alhali Flora Shaw ta rubuta sunan a jarida tun 1897, shekara biyar kafin ta aure shi.

Amma akwai biyu da ba zan wuce su da sauri ba. Na farko, wani zane da aka yi da ƙirƙirarriyar basira, matan Arewa cikin lulluɓi sun yi layi suna jefa ƙuri'a a zaɓen 1959. Kyakkyawan hoto ne, kuma ƙarya ne. A zaɓen nan maza kaɗai suka yi zaɓe a Arewa. Matanmu ba su sami wannan 'yancin ba sai a shekarun 1970, a ƙarƙashin soja, suka kuma shiga babban zaɓe na farko a 1979. A kan wannan fafutukar Hajiya Gambo Sawaba, ta nan Zariya, ta sha duka da ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Wanda ya zana layin nan yana ganin ya karrama mata ne. Abin da ya yi shi ne ya ce wahalar da ta sha ba ta da dalili. Na biyu, hoton wani dattijo mai rawani da ake yawo da shi wai Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shehu ya rasu a 1817. Fasahar ɗaukar hoto ba ta fito wa duniya ba sai 1839, a Faransa. Duk wanda ke cikin hoton nan, bawan Allah ne daban, kuma muna sa shi a fuskar waya muna neman tubarraki.

Sai abin da ba a nunawa sam. A bidiyo za ka ga shugabannin nan suna rungume da juna kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Ba haka aka yi ba. A Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da hali ya yi, don yana ganin Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ma'aikatu. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka. Daga wannan tsamin ne aka samo tsarin tarayya na 1954. Gabas da Yamma suka karɓi mulkin kansu a 1957, Arewa sai 15 ga Maris 1959, ranar da ta yi daidai da ranar da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. A cikin Arewar ma ba baki ɗaya ake ba. Ga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano tun 1950 tana faɗa da mulkin en'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ga su Joseph Tarka suna neman yankin tsakiya. Mutanen da suka yi wannan rigimar, suka zauna a Landan da Legas suka yi ta ja-in-ja har suka yarda su zauna ƙasa ɗaya, sun fi burge ni a kan waliyyan da ake zana mana. Yaron da aka nuna wa cewa da can kowa na son kowa, in ya ga gardamar yau sai ya ɗauka lalacewa ce sabuwa, ya yanke ƙauna.

Me ke jawo haka? Ban ɗauka mugunta ce ba. Kwangila ce ake bayarwa saura kwana huɗu biki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da aka ba aikin gwani ne a kwamfuta, amma mai yiwuwa yana cikin waɗanda suka yi makaranta bayan an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a wajajen 2009, abin da aka shafe shekaru kafin a gyara. Zai shiga YouTube ya rubuta sunan ƙasa da shekara, duk abin da ya fito baƙi da fari ya kwasa. Tsofaffin finafinan nan kuwa yawancinsu Turawa ne suka ɗauka, irin na kamfanin British Pathé da na majigin gwamnati da ake zagayawa da shi ƙauyuka, kuma abin da ya burge su suka ɗauka: dawaki, rawuna, 'yan sarauta. Inda babu hoto, yanzu sai a ce wa na'ura ta ƙirƙiro. Wanda zai sa hannu a biya kuɗin shi ma abin da yake dubawa shi ne ko hoton mai gida ya fito da kyau a ƙarshe. Kamar dai gidan gashin nan ne, mutum biyar tsakaninka da wuta, ba wanda ya ɗanɗana.

Abin haushin, a Kaduna ake wannan. Garin da Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Ga Gidan Arewa, gidan da Sardauna ya zauna kuma aka kashe shi a cikinsa ranar 15 ga Janairu 1966, yau cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ga ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, ga zauren Lugga inda majalisar Arewa ta zauna, ga tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939. Kuɗin Keke Napep ya isa a kai mutum inda zai tantance duk abin da na lissafa a sama cikin yini ɗaya. Ga kuma irin su Kawu, da suka gani da idonsu, suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu.

Wani abokina da na yi wa wannan ƙorafin ya ce na cika tsanani, ai niyya ce, ana son a sa wa yara son ƙasa ne, ba jarrabawa ake ba. Na ce masa shi da kansa na taɓa gani ya mayar da tsiren ɗari biyar don ya ji ɗan tsami, har yana ɗaga murya mutane na ba shi haƙuri. Bai ce ai niyyar mai tsiren kirki ce ba. Kuma yaran nan ba wawaye ba ne, waya na hannunsu. Ranar da ɗaya ya gano Sarauniya ba ta zo ba, hoton Shehu ba Shehu ba ne, zai fara zargin har abin da yake gaskiya, ya koma hannun masu cewa duk tarihin ƙasar nan ƙarya ne. Su ma suna da nasu bidiyon, da nasu kiɗan, da maganganun da suke ƙagawa su sa a bakin matattu.

Mai balangun ya naɗe mana saura a takardar jarida don mu kai gida. A mota Kawu ya warware ƙunshin, ya ɗauki yanka ɗaya, sai na ga ya tsaya yana shafa takardar da yatsa, yana kai ta kusa da fitilar rufi. Mai ya jiƙa ta har ana ganin rubutun bayanta.

Na ce, “Kawu, me kuke nema?”

Ya ce, “Kwanan wata. Ga shi nan a sama, na bara ne. Ka ga ko wannan da aka naɗe nama da ita ta faɗi ranarta.” Ya jefa naman a baki. “Ranar Asabar ka zo ka kai ni Gidan Arewa. Akwai wani hoton hawan nan da nake son in duba, ko zan ga yayana.”